Mayotte, Reunion, Martinique: Faransa ce da gaske ko mulkin mallaka ne aka sauya wa riga?

Wani ɗan uwa ya turo min tambaya kamar haka: "Malam, lokacin da guguwa ta ragargaza tsibirin Mayotte a ƙarshen 2024 naga Macron yaje yana ce musu ku 'yan Faransa ne, alhali wurin a gefen Afirka yake, mutanen baƙaƙe ne kuma Musulmi. Shin ƙasa ce mai cin gashin kanta ko har yanzu mulkin mallaka ake musu? Kuma meye bambancinsu da Nijar kafin 1960?"

Toh ɗan uwa, a doka dai Mayotte ba ƙasa bace, kuma ba a kiranta yankin mulkin mallaka, gunduma ce daga cikin gundumomin Faransa guda 101, ita ce ma ta 101 ɗin. A takarda matsayinta ɗaya da gundumar da Marseille take ciki. Su biyar ne masu irin wannan matsayi: Guadeloupe da Martinique a tekun Karibiyan, Guyane a Kudancin Amurka maƙwabciyar Burazil, sai Reunion da Mayotte a tekun Indiya kusa da Madagaska. Mutanensu jimilla sun haura miliyan 2, fasfonsu na Faransa ne, kuɗinsu Yuro ne, suna zaɓen shugaban ƙasar Faransa, suna da kujeru a majalisar dokoki ta Faris, Reunion 7, Guadeloupe 4, Martinique 4, Guyane 2, Mayotte 2. Gwamnatin Faris ce ke naɗa musu babban jami'in mulki, irin wanda 'yan uwanmu na Nijar suka sani da sunan préfet, 'yan sanda da jandarma da alƙalai da manhajar makaranta duk na Faransa ne. In kana kallon ƙwallo ka san Thuram da Malouda da Payet, to na farkon a Guadeloupe aka haife shi, na biyun a Guyane, na ukun a Reunion, kuma babu wanda cikinsu ya nemi takardar zama ɗan ƙasa kafin ya sa rigar Faransa, ɗan ƙasa aka haife shi. Shi yasa ma zaka ji ana cewa iyakar ƙasa mafi tsawo da Faransa take da ita da Burazil ce, kusan kilomita 730, ta wajen Guyane.

Wannan amsar doka kenan. Amma in na tsaya a nan na cuce ka, don tambayarka ta biyu ce take da nauyi, kuma ba zaka fahimci abin ba sai mun koma 1946.

Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta zauna rubuta sabon tsarin mulki, sai ta kasa yankunan da take mallaka kashi-kashi. Akwai huɗu da ake kira tsofaffin yankuna, Martinique, Guadeloupe, Guyane da Reunion, waɗanda suke hannunta tun ƙarni na 17, Martinique da Guadeloupe tun 1635, kaga sun riga birnin Nice zama na Faransa da sama da shekara 200 tunda Nice sai 1860 ta shigo. Waɗannan wurare gonakin rake ne da aka gina da bayi, mafi yawan mutanensu jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ne, an soke bauta a 1848 an basu sunan 'yan ƙasa amma gwamna ne ke mulkinsu da dokoki na daban, talauci kuma kamar me, filaye duk a hannun tsirarun jikokin masu gonakin. Abin da mutane da yawa basu sani ba shine ba Faris ce ta ƙaƙaba musu zama gunduma ba, wakilansu ne suka nema, kuma 'yan ra'ayin gurguzu ne a gaba wajen neman. Aime Cesaire na Martinique, mutumin nan da duk duniya ta sani da caccakar mulkin mallaka, shine ya gabatar da rahoton dokar a majalisa, tare da irinsu Gaston Monnerville na Guyane da Raymond Verges na Reunion, aka zartar da ita ranar 19 ga Maris 1946. Lissafinsu a lokacin shine, in dokar ƙwadago da fansho da kuɗin tallafin iyali na Faransa suka fara aiki a tsibiran kai tsaye, talaka mai sarar rake zai samu kariya daga masu gonaki, wanda in 'yanci aka basu a wancan halin masu gonakin ne dai zasu gaji mulki. Ni dai ban taɓa ganin wannan a matsayin cin amana ba, mutane ne suka duba yunwar da ke gabansu suka zaɓi abin da suke gani zai kashe ta.

Nijar da Chadi da Mali da Senegal da sauransu kuwa, wani kashi aka sa su, yankunan ƙetare amma ba gundumomi ba. A shekarar ne aka soke aikin tilas da dokar Houphouet-Boigny, aka kuma yi dokar Lamine Gueye da ta ce kowa ɗan ƙasa ne, har Nijar ta tura Diori Hamani majalisar Faris. Amma dokar Faransa bata aiki a Nijar kai tsaye, sai wadda aka ce ta shafe ta, kujerun da aka basu kuma 'yan kaɗan ne in aka kwatanta da yawan jama'arsu, gwamna ne ke riƙe da komai. Dalilin a fili yake, yawa da kuɗi. Edouard Herriot, tsohon firaministan Faransa, ya faɗa a majalisa a 1946 cewa in aka bawa kowa ƙuri'a daidai to Faransa zata koma ƙarƙashin mulkin waɗanda take mulka. Kuma babu wanda ya shirya biyan manomin Maraɗi ko Damagaram kuɗin tallafin yara irin wanda ake biya a Lyon. Babbar hujjar da nake kawowa ɗalibai akan wannan ita ce Gabon: a 1958 gwamnatin Leon Mba da kanta ta nemi a maida Gabon gundumar Faransa, Faris ta ƙi. Kaga kenan zama gunduma ba ƙofa bace da aka buɗe wa kowa, Faransa ce ke zaɓen wanda zata iya ɗauka, ƙananan wurare masu ƙarancin jama'a da suke da amfani gare ta. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 abin da aka ajiye gaban Afirka shine ko ku zauna cikin ƙungiyar da De Gaulle ya tsara ko ku tafi nan take, Gini ta Sekou Toure ta ce a'a ta tafi, a Nijar Djibo Bakary da Sawaba sun yi kiran a ce a'a amma e ce ta ci, a zaɓen da hukumar mulkin mallaka ta sa hannu dumu-dumu, shekara biyu bayan nan, 3 ga Agusta 1960, Nijar ta samu 'yanci. To bambancin kenan. Nijar bata taɓa zama gunduma ba ko na kwana ɗaya.

A tsarin mulkin Faransa na yanzu, sashe biyu ne ke raba abin. Sashe na 73 shine na waɗannan biyar ɗin, ƙa'idarsa duk dokar da majalisa ta yi tana aiki a can kai tsaye, sai dai ana iya yi mata kwaskwarima saboda yanayin wurin. Ka riƙe wannan maganar kwaskwarimar, zamu dawo kanta. Sashe na 74 kuwa daban ne, a wasu yankunansa dokar Faris bata shiga sai an ambata, kowane yanki da nasa kundin, suna iya yin nasu harajin da wasu dokokin, a nan Polynesia take, da Wallis da Futuna inda har yau akwai sarakuna uku na gargajiya da Jamhuriyar Faransa ta amince da su, da Saint-Pierre da Miquelon kusa da Kanada, da Saint-Martin da Saint-Barthelemy. New Caledonia ita kaɗai take da nata babin, saboda yarjejeniyar Noumea ta 1998 da aka yi da 'yan asalin wurin wato Kanak, an yi zaɓen 'yanci sau uku, 2018 da 2020 da 2021, biyun farko masu son zama da Faransa sun ci da kusan kashi 57 da kuma 53, na ukun masu neman 'yanci suka ƙaurace masa, kuma ka ga yadda wuta ta tashi a can a watan Mayun 2024 da aka so taɓa rajistar masu zaɓe. Su na tekun Fasifik ɗin nan ma, wato Polynesia da Wallis da Futuna da New Caledonia, ba Yuro suke kashewa ba, wani faran ne da ake kira CFP, wanda aka ƙirƙira rana ɗaya da sefa a Disambar 1945.

Sauran ƙasashe kowa da nasa salon, zan wuce da sauri. Ingila tana da yankuna 14 irinsu Bermuda da Gibraltar da Falkland, amma ba sashen Birtaniya bane, basu da ɗan majalisa ko ɗaya a Landan. 'Yan Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917 amma in suna zaune a tsibirin basa zaɓen shugaban ƙasa. Holan tana da Aruba da Curacao da Sint Maarten a matsayin ƙasashe cikin masarauta, da wasu ƙananan tsibirai uku da ta maida ƙananan hukumominta a 2010. Greenland tana ƙarƙashin Denmark amma da gwamnatinta, dokar 2009 ma ta bata damar ficewa in jama'arta sun so.

To yanzu shin sauya suna yana wanke mulkin mallaka? Tarihi ya riga ya amsa, ba ya wankewa. Fotugal a 1951 ta wayi gari ta ce Angola da Mozambik da Gini Bisau ba yankunan mallaka bane, lardunanta ne na ƙetare, don kawai ta rufe wa Majalisar Ɗinkin Duniya baki, alhali mafi yawan baƙaƙen can ko ƙuri'a basu da ita, ƙarshenta yaƙi ne daga 1961 har 1974. Aljeriya ma gundumomin Faransa ce tun 1848, amma Musulmi ba daidai suke da Turawa ba a gaban doka, ƙarshenta yaƙin shekara kusan takwas da 'yanci a 1962. Saboda irin wannan wayon ne Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 1960 ta fitar da ƙuduri mai lamba 1541, wanda ya ce hanya uku ce yanki ke fita daga mulkin mallaka: ko cikakken 'yanci, ko haɗin gwiwa da wata ƙasa bisa yarda, ko narkewa cikin wata ƙasa. Amma ta ukun da sharaɗi biyu, dole jama'ar wurin ne suka zaɓa da saninsu cikin 'yanci, kuma dole a daidaita su da sauran 'yan ƙasa ba tare da wariya ba. Da wannan sikelin nake auna kowane wuri, yarda da daidaito. A jerin yankuna 17 da Majalisar ke cewa har yanzu basu mulkin kansu, babu ko ɗaya cikin gundumomin nan biyar, amma New Caledonia tana ciki tun da aka maida ta a 1986, Polynesia ma an maida ta a 2013.

Mu ɗora tsofaffin huɗun a sikeli. Ta fuskar yarda, gaskiya mafi yawan jama'a basu nuna suna son ficewa ba, a Janairun 2010 ma an tambayi Martinique da Guyane ko suna son komawa sashe na 74 mai ƙarin cin gashin kai suka ce a'a da babban rinjaye, duk da akwai jam'iyyun neman 'yanci kuma suna cin zaɓe wani lokacin. Ta fuskar daidaito ne abin yake min ciwo. Dokar da aka yi 1946, mafi ƙarancin albashi bai daidaita da na Faransa ba sai 1996, shekara 50 cur. A Mayun 1967 jami'an tsaro sun buɗe wuta akan ma'aikatan gini masu yajin aiki a Pointe-a-Pitre da ke Guadeloupe, har yau ana jayayya akan adadin waɗanda suka mutu. Daga Reunion an kwashi yara sama da 2,000 tsakanin 1962 da 1984 aka kai su ƙauyukan Faransa da mutane suka yi ƙaranci, da yawa an raba su da iyayensu da ƙaryar za a basu ilimi su dawo. Sai maganin ƙwarin nan chlordecone da aka riƙa zubawa a gonakin ayaba na Martinique da Guadeloupe daga 1972, Amurka ta dakatar da shi tun shekarun 1970, Faransa ta haramta shi a 1990 amma aka bada izini na musamman aka ci gaba da amfani da shi a tsibiran har 1993, yanzu bincike ya nuna sama da kashi 90 na manya suna da shi a jininsu, ƙasa da koguna da bakin teku sun gurɓace na ɗaruruwan shekaru, ciwon dajin mafitsarar maza a can yana cikin mafi yawa a duniya. Ka tambayi kanka da a gonakin inabin Bordeaux ne za a bada wannan izinin? Ga tsadar rayuwa, kusan komai daga Faransa ake jigilarsa ta jirgin ruwa, kasuwancin kuma a hannun 'yan tsirarun gidaje, alƙaluman hukumar ƙididdigar Faransa na 2022 sun nuna abinci ya fi tsada da kusan kashi 40 a Martinique da Guadeloupe, ma'aikacin gwamnati ana ƙara masa kashi 40 akan albashi saboda tsadar, talakan da ba ma'aikaci ba kuwa oho. Wannan ne ya kawo yajin aikin kwana 44 a Guadeloupe a 2009, da na Guyane a 2017 inda suka tare hanyar Kourou, tashar da Turai ke harba rokokinta, suna cewa ana tura tauraron ɗan adam sama daga ƙasarmu alhali wasu ƙauyukanmu ba wuta ba ruwan famfo.

Amma kada in ɓoye maka ɗaya gefen, don adalci. In ka kwatanta Martinique da maƙwabtanta a Karibiyan, ko Reunion da Madagaska, asibiti da makaranta da fansho da hanyoyi sun yi nisa sosai, Tarayyar Turai ma tana zuba kuɗi tunda tana lissafa su cikin yankunanta na can nesa guda tara tare da tsibiran Canary da Azores da Madeira. Kuma 'ya'yansu sun hau manyan kujeru, Monnerville ya shugabanci majalisar dattawan Faransa sama da shekara 20, Raymond Barre ɗan Reunion yayi firaminista, Christiane Taubira 'yar Guyane tayi ministar shari'a. Tun kafin nan ma Felix Eboue ɗan Guyane ne gwamnan Chadi da ya fara mara wa De Gaulle baya a Agustan 1940, baƙin mutum jikan bayi yana mulkin Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, da sunan Faransa. Faransa kuma ba sadaka take ba, albarkacin waɗannan tsibiran take da yankin teku sama da murabba'in kilomita miliyan 10, na biyu a duniya bayan Amurka, ga sansanonin soja a kowane teku, ga Kourou.

Sai Mayotte da ka tambaya, ita ce mafi sarƙaƙiya duka. Ɗaya ce cikin tsibiran Komoros huɗu, harshensu Shimaore ɗan uwan Swahili ne, wasu kuma Kibushi na Madagaska suke yi, kusan dukansu Musulmi. Faransa ta same ta a 1841 daga hannun Sarki Andriantsoly, ta riga sauran ukun shiga hannu da shekaru da dama. Da aka ɗauke hedikwatar tsibiran daga Dzaoudzi da ke Mayotte aka maida Moroni da ke babban tsibirin Komoros, mutanen Mayotte suka ga ayyuka da kuɗi sun bi ta, suka ji tsoron manyan tsibiran zasu danne su, sai mata suka tashi ƙarƙashin Zena M'Dere, suna tare jami'an da aka turo daga Moroni suna yi musu cakulkuli har sai sun gudu, tunda babu dokar da ta hana cakulkuli, takensu shine muna so mu zauna Faransawa don mu zauna cikin 'yanci. A zaɓen 22 ga Disamba 1974 tsibiran gaba ɗaya sun zaɓi 'yanci da kusan kashi 95, amma a Mayotte kusan kashi 63 sun ce a'a. A nan rigimar take: jimilla za a ƙirga ko tsibiri-tsibiri? Faransa bayan ta ga sakamako ta ce tsibiri-tsibiri, Komoros ta ayyana 'yancinta ranar 6 ga Yuli 1975 da duka huɗun, Faransa ta riƙe Mayotte, ta hau kujerar naƙi a kwamitin sulhu a 1976, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yayi ta fitar da ƙuduri yana cewa Mayotte ta Komoros ce, Tarayyar Afirka ma matsayinta kenan har gobe. Wani zai ce ai a 1961 ma daban aka ƙirga Arewacin Kamaru da Kudanci, har Mubi da Gwoza suka shigo Najeriya a matsayin lardin Sardauna, haka ne, amma can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara hakan tun kafin a jefa ƙuri'a, ba mai mulkin mallaka bane ya yanke bayan ya ga inda ƙuri'a ta faɗi.

Sai dai su mutanen Mayotte basu taɓa sauya magana ba, a 1976 sama da kashi 99 suka ce Faransa, a 2009 kashi 95 suka zaɓi zama gunduma, aka tabbatar ranar 31 ga Maris 2011, ta shiga Tarayyar Turai a 2014. Farashin da suka biya ba ƙarami bane, an karɓe hurumin shari'a daga hannun alƙalan Musulunci da suke yanke aure da saki da gado tun kaka da kakanni, suka koma masu bada shawara da sulhu, an hana ƙara aure fiye da mace ɗaya a doka, an sa kowa ya zaɓi sunan iyali irin na Turawa, filayen gado suka shiga rajista da haraji. To me suka samu? Ka tuna kwaskwarimar nan ta sashe na 73? A Mayotte ta zama ƙofar rage musu haƙƙi. Tallafin marasa aikin yi rabin na Faransa ne, mafi ƙarancin albashi ƙasa yake da na Faransa, kashi 77 na jama'a suna ƙasa da layin talaucin ƙasar, makarantu wasu safe da yamma ake karba-karba don ajujuwa basu isa ba, a 2023 ruwan famfo sai kwana ɗaya cikin uku. An sake yi musu alkawarin daidaitawa zuwa 2031. Matsayinsu dai kamar agola ne, sunan gidan yana kansa amma kwanonsa daban.

Abin da yafi ci min rai shine tekun da ke tsakaninsu da Anjouan, ɗaya daga tsibiran Komoros, kilomita 70 kacal. Mutanen da suke dangi, suna auren juna suna zirga-zirga ɗaruruwan shekaru, a 1995 gwamnatin firaministan Faransa Balladur ta sa wa 'yan Komoros biza kafin su shiga Mayotte, tun daga nan suke shiga ƙananan kwale-kwale da ake kira kwassa-kwassa cikin dare, dubbai sun nutse. Yanzu kusan rabin mazauna Mayotte baƙi ne a idon doka, mafi yawa 'yan Komoros, ana korar dubun-dubata kowace shekara, su kuma 'yan Mayotte suna ganin baƙin ne suka cika musu asibiti da makaranta, gaba ta shiga tsakanin 'yan uwa. A 2018 an taƙaita dokar zama ɗan ƙasa ta haihuwa a Mayotte kaɗai, a 2025 aka ƙara tsaurara ta, abin da ba a yi a sauran gundumomi 100 ba. Guguwar Chido ta 14 ga Disamba 2024 da ka gani, unguwannin kwano na waɗannan marasa takardun ta fi shafewa, da yawansu sun ƙi zuwa mafaka don tsoron a kama su.

Don haka in ka matsa min, Martinique da Guadeloupe da Guyane da Reunion ba zan kira su mulkin mallaka a doka ba, amma tattalin arzikinsu har yau akan tubalin wancan zamanin yake zaune. Mayotte kuwa yardar mutanen cikinta tabbas ce, ba ƙage bane kuma bai kamata mu raina ta daga nesa ba, amma hanyar da aka bi aka yanke ta daga Komoros bata samu amincewar duniya ba, daidaiton da ya kamata ya halatta abin kuma har yau bai cika ba.

Ƙarin bayani ga mai shirin tafiya, don an sha tambayata: duk da suna cikin Tarayyar Turai, babu ɗayansu da ke cikin yankin Schengen. In kana da fasfon Najeriya ko Nijar, bizar Schengen ta yau da kullum ba ita ke shigar da kai Reunion ko Martinique ba, sai ka nemi wadda aka rubuta sunan yankin a jikinta a ofishin jakadancin Faransa, don haka ka faɗi inda zaka tun wajen cike fom kafin ka yanki tikiti.